Tsarin Lambobi a Agogo da Kalanda: Nazari daga Tabelot ta Ƙasar Abzin

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi irin tsarin da lambobi kan fito da shi a fuskar agogo da shafin kalanda, ta ɗauki garin Tabelot na jihar Agadas a matsayin wurin gwaji. An kasa tsarin gida uku: wanda salon rubutu ya haifar, wanda tafiyar rana da wata da taurari ta haifar, da wanda takardun hukuma suka haifar. Ma'aunin rarrabewa ɗaya ne: a sauya hanyar rubuta lokacin, a ga ko tsarin zai tsira. Maƙalar ta nuna cewa kashi na farko abin sha'awa ne kawai, na biyu shi ne jigon ibada da noma da fatauci, na uku kuma shaida ce ta giɓin da ke cikin rajistar haihuwa. An rufe da shawarar a gina darasin lissafi a kan ƙidayar da mutanen yankin suka gada.

1.0 Gabatarwa

Tun da wayar salula ta shiga hannun kowa, agogon lambobi ya zama abin da ido ke faɗawa a kai sau da yawa a yini. Daga nan aka fara lura da lokuta irin su 11:11 da 22:22, da ranaku irin su 02/02/2020. A ƙasashen Turai da Amurka wasu na ɗaukar 11:11 lokacin faɗin buri, kuma wannan ra'ayi ya iso wa matasanmu ta kafofin sada zumunta. Tambayar da ta kamata masu nazari su amsa ita ce: wane tsari ne yake da tushe a cikin lokacin kansa, wane ne kuma ya tsaya a kan takarda?

An zaɓi Tabelot ne domin ƙidaya uku na aiki a cikinsa kafaɗa da kafaɗa. Alƙaluman da ke cikin maƙalar lissafi ne da kowane mai karatu zai iya maimaitawa da alƙalami da takarda.

2.0 Tabelot da ƙidayarsa uku

Tabelot na gindin duwatsun Bagzan, arewa maso gabas da birnin Agadas, kusan digiri 17 da rabi arewa da ikwaita, kusan digiri 9 gabas da layin Girinwich. Mafi yawan mutanensa Abzinawa ne na Kel Ewe, waɗanda suka shahara da garkar albasa da tafarnuwa da dankali, da kuma ayarin raƙuma mai ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma ɗauko gishiri da dabino. Ayarin kan gangara kudu zuwa Damargu da Damagaram har Kano neman hatsi, shi ya sa Hausa ta daɗe da zama harshen ciniki a bakinsu.

Mutumin Tabelot yana azumi da salla da ƙidayar Hijira. Yana mu'amala da makaranta da asibiti da ofishin magajin gari da ƙidayar Miladiyya. Yana shuka da tafiya da ƙidayar yanayi da taurari. Bukukuwan jihar ma sun nuna wannan rabo: bikin Bianu na Agadas yana bin watan Muharram, saboda haka yana zagaya yanayin shekara, alhali taron makiyaya na Ingal yana tsaye a ƙarshen damina, wajen watan Satumba.

3.0 Tsarin da rubutu ya haifar

A agogon lambobi mai awa 24, irin wanda aka saba da shi a Nijar, yini yana da minti 1,440. Daga ciki, 24 ne lambar awa da ta minti ke zama ɗaya, kamar 09:09 da 17:17. Goma sha shida ne ake karantawa gaba da baya su ba da abu ɗaya, kamar 12:21 da 15:51: shida daga 00:00 zuwa 05:50, shida daga 10:01 zuwa 15:51, huɗu daga 20:02 zuwa 23:32. Uku sun shiga jerin biyu, wato 00:00 da 11:11 da 22:22. Jimilla ke nan 37. Idan aka raba 1,440 da 37 za a sami kusan 39. Ma'ana, wanda ke duba wayarsa sau 40 a yini, bisa matsakaicin lissafi zai ci karo da irin wannan lokaci kusan sau ɗaya kullum. Sauran dubawa 39 ba ya riƙe su a ka, ɗayan nan ne yake tunawa har ya ba da labarinsa.

Haka abin yake a kalanda. Idan aka rubuta rana, wata, shekara da lambobi takwas, ranakun da ke karantuwa gaba da baya a wannan ƙarni 29 ne, kuma duk a Fabrairu suke. Dalili a fili yake: shekarun ƙarnin suna farawa da 20, in aka juya shi ya zama 02. Mun wuce 20/02/2002 da 02/02/2020 da 12/02/2021 da 22/02/2022. Mai zuwa ita ce 03/02/2030, ta ƙarshe kuwa 29/02/2092.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. A mayar da 22:22 agogon awa 12, ya koma 10:22 na dare, tsarin ya watse. A rubuta 22/02/2022 yadda Amurkawa ke yi, wata kafin rana, ya daina karantuwa gaba da baya. A mayar da ita ƙidayar Hijira, ta zama wajen 21 ga Rajab 1443, ranar da ba ta da wata alama ta daban. Ƙololuwar Idukal-n-Tages ta Bagzan, wadda ta fi kowane dutse tsawo a Nijar, tana da mita 2,022, adadin da ya yi daidai da shekarar 2022. A auna ta da ƙafa, dacewar ta tafi, dutsen yana nan yadda yake.

Musulunci ya riga ya ja layi a wannan fage. Lokacin da aka yi husufin rana a ranar rasuwar Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), wasu sun danganta abubuwan biyu, sai ya gyara musu fahimta cewa husufi ba ya faruwa don mutuwar wani ko rayuwarsa. In har alamar da ke sama ba ta ɗauke da irin wannan saƙo, ina ga jerin lambobin da ɗan'adam ya tsara da hannunsa?

Wannan ba ya nufin wasa da lamba aikin banza ne. Malaman wannan yanki sun yi shi da gangan, kuma don amfani. A hisabin abajada na Magrib, wanda aka bi a Agadas da Sakkwato, harafin shin 1,000 ne, ra 200, ya 10, ha ƙarami 8. In aka haɗa su a kalma ɗaya sun ba da 1218, shekarar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu, wadda ta dace da Fabrairun 1804. Irin wannan ramzi ne marubuta kamar Nana Asma'u kan sa a ƙarshen waƙoƙinsu, domin shekarar rubutu ta zauna a bakin mai haddacewa. Sun san su suka ƙera tsarin, kuma sun san aikin da suka ƙera shi domin ya yi.

4.0 Tsarin da sama ta haifar

4.1 Minti huɗu

Duniya na juya digiri 360 cikin minti 1,440, wato digiri ɗaya a minti huɗu. Agogon Nijar, kamar na Nijeriya, yana gaban na Girinwich da awa ɗaya, kuma an ɗaure shi ne a kan layin digiri 15 gabas. Tabelot na yamma da wannan layi da kusan digiri shida, saboda haka a matsakaici rana kan yi tsaka a can da misalin 12:24. A Bilma kusan 12:08 ne, a Yamai kusan 12:52. Tsakanin Tabelot da Yamai akwai tazarar da ta kusa rabin awa, ko da yake agogonsu ɗaya. Jadawalin salla da aka buga don Yamai ba zai yi wa limamin Tabelot aiki ba sai da gyara, musamman a sahur: wanda ya bi alfijir ɗin Yamai yana Tabelot zai ci abinci bayan nasa alfijir ya keto.

Zawalin ma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Saboda karkatar duniya da kuma rashin daidaiton saurinta a kan hanyarta, rana kan riga agogo da kusan minti 16 a farkon Nuwamba, ta makara da kusan minti 14 a tsakiyar Fabrairu. A Tabelot ke nan zawali na kai-komo tsakanin misalin 12:08 da 12:38, kuma haka yake maimaitawa kowace shekara.

Wannan minti huɗu yana dawowa da dare. Kowane tauraro kan fito kusan minti huɗu kafin lokacin da ya fito jiya, domin duniya ta ci kusan digiri ɗaya a zagayenta na rana. A wata ɗaya ya zama awa biyu, a shekara ya cika awa 24. Madugun da ya tashi da ayari bayan damina, wajen Oktoba, ya san cewa Kaza da ƴaƴanta, waɗanda Abzinawa ke kira Shat Ahad, ba za su tsaya inda ya bar su ba a daren dawowarsa. Da wannan sani yake auna dare, ya san lokacin ɗaura kaya.

4.2 Inuwa da ƙafa bakwai

Malaman Malikiyya sun ƙiyasta tsawon mutum da ƙafa bakwai na kansa, kuma lokacin la'asar yana shiga ne idan inuwa ta kai tsawon mai ita, ban da inuwar zawali. Wannan inuwar zawali ita ce ke sauyawa da watanni. A Tabelot, a ƙarshen Disamba, takan kai kusan ƙafa shida tana fuskantar arewa, sai la'asar ta shiga a wajen ƙafa 13. A ƙarshen Yuni ba ta cika ƙafa ɗaya ba, kuma kudu take fuskanta. Sau biyu a shekara, wajen 10 ga Mayu da wajen 2 ga Agusta, rana kan tsaya daidai bisa kai, sandar da aka kafa a miƙe ta rasa inuwa. Yini mafi tsawo a garin kusan awa 13 da minti 10 ne, mafi gajarta kusan awa 11 da minti 5.

Akwai wani amfani da ya kamata kowane mai gina masallaci ya sani. A ranar 27 ko 28 ga Mayu da misalin 10:18 agogon Nijar, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da misalin 10:27, rana na tsaye bisa Ka'aba. Duk wanda ya fuskanci rana a wannan lokaci ya fuskanci alƙibla, ba tare da wata na'ura ba.

4.3 Kwana 11 da shekara 33

Matsakaicin watan sama kwana 29 da rabi ne da ɗan ɗoriya. Goma sha biyunsa sun ba da kwana 354 ko 355. Masu hisabi sun tsara zagaye na shekara 30, wanda 11 daga ciki kabisa ne, jimillar kwanakinsa 10,631, ko da yake ganin wata ne ke yanke hukuncin azumi da salla. Shekarar wata ta gaza ta rana da kusan kwana 11, shi ya sa azumi ke matsowa gaba kowace shekara har ya zagaye bazara da damina da kaka da ɗari cikin kusan shekara 33.

Daga nan ne wasu abubuwan da ke ba mutane mamaki suke fitowa. An shiga Ramadan sau biyu a 1997, a Janairu da ƙarshen Disamba, kuma lissafi ya nuna haka za ta sake faruwa a 2030. An yi ƙaramar salla sau biyu a 2000, babbar salla sau biyu a 2006. Shehu Usmanu, wanda ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, an haife shi a 1168 ya rasu a 1232 na Hijira, shekara 64 ke nan, amma daga Disamban 1754 zuwa Afrilun 1817 shekara 62 ne da ƴan watanni. Mai nazarin tarihi da bai kula da wannan ba zai yi ta saɓa wa kansa. Ga mai garka kuwa batun na aljihu ne: zai iya sanin tun yanzu shekarun da salla za ta faɗo kafin albasarsa ta shiga kasuwa, ya yi tanadi.

4.4 Taurari 28

Tun da watan sama ba ya bin damina, manoma sun riƙe wata ƙidaya ta rana. Malamai sun kasa shekara zuwa masaukai 28, kowane kwana 13, ban da Jabaha mai kwana 14. Sau 27 na 13 ya ba da 351, a ƙara 14 ya zama 365. Kowane yanayi ya sami taurari bakwai, wato kusan mako 13. Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabaha sunaye ne da manomin ƙasar Hausa ke ji a bakin malamai idan ana zancen damina. Mervyn Hiskett ya yi nazarin wannan ƙidaya a waƙoƙin Hausa a 1967, kuma aya ta 5 ta Suratu Yunus ta danganta masaukan wata da sanin adadin shekaru da lissafi.

Watannin ajami da ake haɗawa da wannan ƙidaya sun samo asali ne daga tsohuwar kalandar Rumawa, wadda ke ƙara kwana ɗaya duk shekara huɗu ba togiya. Fafaroma Giregori na 13 ya gyara ta a 1582, aka tsallaka daga 4 ga Oktoba zuwa 15. A yau tazarar kwana 13 ce, kuma za ta zama 14 a 2100. Wannan ne ya sa sabuwar shekarar manoman Afirka ta Arewa ke faɗowa kusan tsakiyar Janairu. Duk mai kwafe jadawalin taurari daga tsohon kundi dole ya tantance da wace kalanda aka rubuta shi, in ba haka ba zai kauce da kusan tauraro guda.

5.0 Bakwai: gadar da ta haɗa ƙidayoyin

Mako ba ya bin rana ko wata, amma shi kaɗai ne Hijira da Miladiyya suka yi tarayya a kansa: Juma'a Juma'a ce a kowace kalanda. Kwana 365 mako 52 ne da kwana ɗaya, saboda haka kowace ranar wata kan matsa gaba da kwana ɗaya a shekara, biyu in an ratsa 29 ga Fabrairu. Tsakanin 1901 da 2099 kalanda na maimaita kanta duk shekara 28. Nijar ta sami ƴancin kai ranar Laraba, 3 ga Agusta 1960, kuma 3 ga Agusta ta sake zama Laraba a 1988 da 2016.

A nan akwai tsari mai kama da wasan rubutu amma yana da aiki. Ranakun 4/4 da 6/6 da 8/8 da 10/10 da 12/12 kullum rana ɗaya suke faɗowa a mako, domin tsakanin kowace da mai bi mata kwana 63 ne, wato mako tara cif. Masanin lissafi John Conway ya gina hanyar gano ranar mako da ka a kan wannan a 1973. A 1960 duk Litinin ne. Tun da 10/10 Litinin ce, 3 ga Oktoba ma Litinin ce, 1 ga Oktoba ta zama Asabar, ranar ƴancin Nijeriya. A 1995 duk Talata ne, saboda haka 24 ga Afrilu, ranar da aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya da ake tunawa da ita duk shekara a Nijar, Litinin ce.

6.0 Tsarin da takarda ta haifar

Lambar da ta fi cancantar damuwarmu ita ce 01/01. Duk wanda ya taɓa duba jerin sunayen ɗalibai ko na masu zaɓe a Nijar ya ga yawan waɗanda aka rubuta an haife su ranar 1 ga Janairu. Asalin abin shi ne haihuwar da ba a yi wa rajista a kan lokaci ba. Idan aka zo neman takarda daga baya sai a ƙiyasta shekara, a cike gurbin rana da wata da 01/01. Haka ma a ƙidayar jama'a, shekarun da ke ƙarewa da 0 ko 5 kan yi yawa fiye da kima, har masana suka tanadi ma'aunin Whipple don gwada girman matsalar. Illar tana bayyana a shekarun shiga makaranta, da jarrabawa, da ritaya, da auna girman yaro a asibiti.

Al'ada ta adana abin da takarda ta zubar. Abzinawa na kiran shekara da abin da ya faru a cikinta, kamar yaƙin Kawsan na 1916 zuwa 1917, ko farin 1973 da na 1984. Hausawa na ajiye ranar haihuwa a cikin suna: Ladi, Altine, Talatu, Balarabe, Lami, Jummai, Asabe. Uwa kuma ba ta mance ko da azumi ta haihu ko bayan salla. A ƙaddara wata Jummai da aka ce an haife ta da azumi a shekarar yarjejeniyar zaman lafiya. Ramadan na 1995 ya mamaye Fabrairu, kuma Juma'o'insa su ne 3 da 10 da 17 da 24. Daga kwana 365 an dawo huɗu. Ko wacce aka ɗauka a cikinsu ta fi 01/01 kusa da gaskiya.

7.0 Shawarwari

Na farko, malaman lissafi na firamare da sakandare su koyar da rabawa da saura ta hanyar mako da kalanda, su koyar da kusurwa ta hanyar inuwar sanda a filin makaranta, cikin Hausa da Tamajak. Na biyu, kowace ƙaramar hukuma ta sami jadawalin salla da aka lissafa da matsayinta. Na uku, a tanadar wa ma'aikatan rajista jadawalin da ya haɗa Hijira da Miladiyya da sunayen shekaru na yankin. Na huɗu, jami'o'in Agadas da Damagaram da Yamai su tura ɗalibai su rubuta ilimin taurari daga bakin madugai da tsofaffin masu garka, domin mota ta rage ayari, masu wannan sani kuma suna tsufa.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta gwada tsare-tsare iri uku da ma'auni ɗaya. Na rubutu ya rushe da zarar an sauya salon rubutu. Na sama ya tsaya a kowace ƙidaya, domin daga juyawar duniya da tafiyar wata ya fito. Na takarda ya nuna aikin da ya rage wa hukuma. Sha'awar da yaro ke yi wa 11:11 abu ne mai kyau, kuma bai kamata a kashe ta da tsawa ba. Aikin malami shi ne ya karɓi wannan sha'awa ya tambaye shi sau nawa hakan ke faruwa a yini da dalilinsa, daga nan ya kai shi ga minti huɗu, da kwana 11, da shekara 33. Yaron da ya bi wannan hanya zai iya gyara jadawalin masallacin unguwarsu, ya kuma taimaki mahaifiyarsa ta gano ranar da aka haife ta.